Jan Ɗigo a Cikin Albasar Malam Sahabi

Ɗaliban da ake turo mini yanzu suna shiga ɗakin gwaji da amsa a bakinsu. Idan na tambaye su inda sinadaran da ke gyara RNA suke zaune a cikin ƙwayar halittar shuka, kafin in rufe baki sun ce a cibiyar ƙwayar, sun ƙara da cewa akwai wasu a cikin korayen buhunan da ke ba ganye launinsa, wasu kuma a inda ƙwayar ke samar da ƙarfinta. Amsar daidai ce. Daga nan sai su ɗora waya a bakin madubin gwaji, na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani, su ɗauki hoto, su dube ni kamar masu cewa aikin da na shafe rayuwata ina yi bai wuce haka ba. Dominsu na yi wannan rubutu, kuma ba cikin raha na yi shi ba.

Zan fara da abin da ake dubawa, saboda wanda bai taɓa leƙa madubin gwaji ba. Kowace shuka an gina ta ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ake kira ƙwayoyin halitta. A cikin kowane ɗaki akwai cibiya, inda aka ajiye asalin umarnin yadda shukar za ta kasance. Asalin ba ya fita waje. Kwafinsa ake yi, kwafin shi ne RNA, kuma ba ya samuwa a shirye: sai an datse shi, an cire abin da ba a bukata, an haɗa bakin abin da ya rage, kamar yadda tela ke yi wa yadi. Masu wannan aiki su ne sinadaran da ake kira enzayim. A cikin cibiyar kuma akwai wani ɗan dunƙule inda aikin ya fi cunkoso, saboda haka RNA ta fi taruwa a wurin. Idan aka zuba rinin da ke kama RNA, dunƙulen nan ne yake yin ja sosai. Madubina bai taɓa nuna mini enzayim ko ɗaya ba, kuma ba zan yi da'awar ya nuna ba. Shagon da suke aiki kawai yake nunawa, ta tarin yadin da ke zube a ciki. Kowace lafiyayyar ƙwaya tana da wannan jan ɗigo, ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye.

Aikin farko da aka ba ni a jami'a shi ne ɓare tantanin albasa. Malam Yahuza, dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, ya ajiye mini kwano, reza da hantsaki, ya ce in raba siririn tantanin da ke manne a cikin ɓawon albasa ba tare da ya yage ko ya naɗe ba. Na yi zangon karatu guda ina wannan kafin ya yarda in zauna gaban madubinsa. Tantanin yana naɗewa da zarar ya sha iska. Idan hannu ya yi nauyi, naman albasar ya biyo shi, haske ya kasa ratsawa. Idan aka saki murfin gilashi a kansa da gaggawa, kumfar iska ta shige ƙasa, sabon ɗalibi kuwa ya zana kumfar a takarda ya kawo yana murna ya ga ƙwaya. Da ya gamsu da hannuna, sai ya koya mini dokar da ta fi duk sauran: ba a duba mara lafiya kafin a duba mai lafiya. Gilashi biyu ake shiryawa da rini ɗaya a lokaci ɗaya, lafiyayye a hagu, wanda ake zargi a dama. Abin da ke cikin biyun duka ba cuta ba ne. Abin da ke dama kaɗai shi ake tuhuma, shi ma tuhuma ce, ba hukunci ba.

A shekarun farko bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi aka tura ni Jega, ƙarƙashin wani shirin tallafa wa manoman rani. Ɗaki ɗaya aka ba ni a unguwar Jega Firchin, da tebur da taga mai kallon gabas. Tagar ita ce rabin kayan aikina, domin madubina ba ya amfani da lantarki, ɗan gilashi ne a ƙarƙashinsa da ake juyawa ya kamo hasken rana. Daga hantsi zuwa kusan azahar nake duba abin da zan duba. Kwalaben rini kuwa a cikin tukunyar ƙasa nake ajiye su, a binne rabi cikin jiƙaƙƙen yashi, saboda zafin bazara yana ɓata su. Gilasan da ake shimfiɗa tantani a kai ba a zubar da su. A wanke, a goge, a sake. Wanda yake ganin aikin nan danna waya ne, ya gwada ɓare tantani a cikin zafin Jega da gumi yana zuba masa a ido.

Masu zuwa wurina manoma ne, daga Aliero, daga fadamun Jega, daga Maiyama a kan kabu-kabu. Wani ya kawo albasa a cikin hula, wani ya kawo lawashi a naɗe cikin tsumma, lawashin da ya kwana biyu a aljihu har ya zama igiya, ya ce in faɗa masa abin da ke damun gonarsa. Su suka sa mini suna Likitan Albasa, da farko da zolaya, daga baya ya bi ni. Na ɗauki al'adar barin kowa ya leƙa madubin da idonsa, domin ina ganin wanda ya kawo kayansa yana da hakkin ya ga abin da na gani. Wani malamin makarantar allo ya taɓa leƙawa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Subhanallahi. Dut wanga gini cikin abin da muka jefawa miya?" Mafi yawan lokaci amsata ita ce ƙwari ne, ko ruwa ya yi yawa, ko taki ya ƙone saiwa. Wani lokaci amsata ita ce ban sani ba. Ba sa son wannan amsa, amma suna dawowa.

Malam Sahabi na Aliero bai taɓa kawo mini albasa mara lafiya ba. Dattijo ne mai noman iri. Ga wanda bai san noman albasa ba: idan an cire amfani da rani, ana zaɓar kawunan da suka fi kyau a jera su a rudu, wato rumfar kara mai ɗagaggen gado inda iska ke ratsawa, su yi damina a nan. Bayan damina a mayar da su ƙasa, su yi fure, daga furen a sami baƙin irin da ake shukawa. Irin Malam Sahabi daga kakansa ya zo, albasarsa ja ce mai ƙaramin wuya, mai jure ajiya. Manoma da yawa daga Aliero har Maiyama a wurinsa suke karɓar iri, kuma da sunansa suke kiransa. Ba a cewa iri kaza, cewa ake na Sahabi. Wannan girma ne, amma yana da nauyinsa: idan gonar da aka shuka irinka ta lalace, sunanka ne a bakin mutane. Kuma a wurin dattawan nan, mai iri ba ya tsayawa a bainar jama'a yana kare irinsa da baki. Ana ganin hakan zubar da mutunci ne, kamar mutum ya tsaya a kasuwa yana rantsuwa cewa shi ba maƙaryaci ba ne.

Shekarar da ta ɓaci, lawashi ya fara rawaya tun albasa ba ta yi kai ba. Ya murɗe, ya kwanta. Daga Maiyama aka fara kawo mini, sannan fadamun Jega, sannan Aliero. Na sami ƙananan ƙwari masu tsotson ganye a maƙale a gindin lawashi, da yawa fiye da yadda na saba gani, amma ban tabbata su kaɗai ne ba, kuma har yau ban tabbata ba. Akwai wata cutar bairas da ke sa albasa rawaya, wadda ke bin kan albasar da aka ajiye. Ita tana barin tarin kayanta a wajen cibiya, a cikin ruwan ƙwayar. Na nemi wannan tarin a ganyen da aka kawo mini ban gan shi ba. Na rubuta wa shugabannin shirin cewa ina bukatar lokaci. Su kuwa ba lokaci suke da shi ba, suna son sunan cuta da sunan wanda ya kawo ta. Sai suka turo Malam Nasiru.

Malam Nasiru sa'ana ne, mai digiri kamar ni, kuma ba jahili ba ne. Ya dawo daga wani gajeren kwas da sabon madubi mai fitilar batir, da rini mai kyau wanda ni ban taɓa samun irinsa ba. Bai biyo ta Jega ba. Ya wuce Aliero kai tsaye, ya ji ana cewa yawancin gonakin da suka lalace irin Sahabi ne, bai tsaya ya tambayi kansa ko hakan domin yawancin gonakin ƙasar duka irin Sahabi ne ba. Ya sa aka ɗebo masa kawuna daga rudun dattijon, ya kafa tebur a ƙofar mai unguwa, ya ɓare tantani, ya zuba rini, ya leƙa. Ya ga jan ɗigo a kowace ƙwaya. Ya kira manoma su yi layi.

Wani manomi mai suna Ɗanjuma ne ya kawo mini labarin washegari, yana ta haki daga kan kabu-kabu.

"Likita, kana nan zamne an gano cutar! Ni da idona nig ganta. Ja ce jawur, awa idon zakara, cikin albasar Baba Sahabi."

"A ina take a cikin ƙwayar?" na tambaye shi. "A tsakiyar wani da'ira, ko a gefe?"

"Tsakiya tsaf. Kowane ɗaki da tashi. Wasu ma biyu."

Na ɗauki madubina na naɗe shi cikin bargo, na hau bayan mashin ɗin da ya kawo shi.

Na sami Malam Nasiru a masaukinsa yana rubuta rahoto. Na roƙe shi ya nuna mini gilashin, ya nuna mini cikin fara'a. Aikin hannunsa mai tsabta ne, tantanin a shimfiɗe, ba kumfa ko ɗaya. Ƙwayoyin lafiyayyu ne kamar na littafi.

"Malam Nasiru, ina na hagun?"

"Wane na hagu?"

"Lafiyayyar albasar da ka gwada da wannan."

"Malam Lawali, bana akwai lafiyayyar albasa a ƙasar nan? Rinin yana kama RNA. Bairas ɗin RNA ne. Ga shi ya kama. Me ya rage?"

"Albasar ma tana da RNA tata. Wannan ɗigon nata ne, a cikin cibiya yake, nan ne take gyara RNA ɗinta. Kai ma ka zana shi a shekararka ta farko."

Na ga a fuskarsa ya tuna. Abin da ya sa har yau raina yake ɓaci ke nan: ba rashin sani ba ne, ya tuna. Amma ya riga ya tara mutane, sun riga sun leƙa, saƙo ya riga ya tafi sama cewa a ƙone kawunan da ke rudun Malam Sahabi. Ya rufe akwatin gilasansa ya ce, "Ko da haka ne, ƙone kawunan rigakafi ne. Ba wanda zai cutu."

"Mutumin da irin kakansa ke cikin rudun fa?"

"Za a kawo masa ingantaccen iri daga waje."

Na fita ban yi masa sallama ba.

Aikin da na shirya wa ranar kasuwa shi ne mafi tsabta da na taɓa yi a rayuwata. Na je ƙauyen Alelu, zuwa gonar wani Malam Buhari, wanda ba irin Sahabi yake shukawa ba, kuma gonarsa kore ce shar, cutar ba ta taɓa ta ba. Kowa ya san haka. Ya ba ni kawuna da hannunsa, ya biyo ni Aliero domin ya shaida nasa ne. Na kafa tebur a inda Malam Nasiru ya kafa nasa. Na ɓare tantani biyu a gaban jama'a, na zuba rini ɗaya, na Alelu a hagu, na Sahabi a dama. Na yi bayani da Hausa mai sauƙi gwargwadon iyawata: cewa ɗigon nan ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, albasa ba ta rayuwa sai da shi, kuma za su gan shi a lafiyayyar albasar Alelu kamar yadda suka gan shi a ta Sahabi. Malam Sahabi yana zaune a kan buzu a gefe, da carbi a hannu, bai ko dubi teburin ba.

Ɗanjuma ne ya fara leƙawa. Ya duba dama, ya gyaɗa kai. Na sauya gilashi, ya duba hagu. Ya ɗago da sauri ya juya ga jama'a.

"Innalillahi! Jama'a, ta kai Alelu!"

"Ba haka ba ne," na ce. "Ɗanjuma, ka ji abin da na faɗa. Wannan lafiyayya ce."

"Lahiyayya da jan abu cikinta? Likita, ido na gare ni."

Layi ya rikice, kowa yana son ya gani. Wanda ya leƙa sai ya ɗago yana salati. Wani dillali da ke lodin albasa zuwa kudu ya tambaya da ƙarfi wace gona ce a Alelu, domin ya san wadda zai kauce wa. Malam Buhari ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, mi nay yi maka? Kai kac ce taimako za ni yi. Yanzu wa ka sayen kayana?"

Na ɗaga murya na ce a kawo mini kowace albasa daga kowace gona, a kawo tafarnuwa, a kawo ganyen dawa, zan nuna musu ɗigon a ciki duka. Wani daga baya ya ce, "Ku ji, har dawa ta kama!" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na sha tambayar kaina ko akwai wata hanyar da za a bi a nuna wa mutum cewa abin da ya gani gaskiya ne amma fassarar da aka ba shi ƙarya ce, alhali fassarar ta riga ka isa. Shekaru sun wuce ban samo ta ba. Mutum ɗaya ya ɗauki rabin yini ya sa wa ɗigon suna, ni kuwa da gilashi biyu da gaskiya a hannuna na kasa cire sunan.

A nan ne Malam Sahabi ya miƙe. Hayaniyar ta lafa, domin ba a saba ganinsa yana magana a taro ba. Ni ya yi wa magana, ba jama'a ba.

"Likita, naɗe kayanka."

"Baba, albasarka lafiya lau take. Wallahi lafiya take."

"Na jiya, na kuwa yarda. Tun kakana nike tare da ita, ba sai gilashi ya gaya min ba. Amma mutanen ga da ido sunka gani, kai kuwa da baki kaka ba su magani. In ka ci gaba da nuna musu, yau Alelu, gobe Maiyama, jibi ba mai ɗaukar albasar ƙasar ga dut. In ta tsaya gare ni, ta tsaya."

Sannan ya juya ga dillalin ya ce, "Ta Buhari ba ruwanta. Wajen ɓarewa anka haɗa wuƙa da tawa. Ku sayi kayanshi." Ba gaskiya ba ne, reza daban na yi wa kowace, kuma ya ga haka. Na buɗe baki, ya dube ni, na rufe. Jama'a suka karɓi wannan bayani nan take, domin ya fi nawa sauƙin ɗauka.

Zan faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, domin kada wani ya zaci asarar ta sayi wani abu. Malam Buhari ya sayar da albasarsa. Irin da aka kawo daga waje ya yi manyan kawuna masu ruwa, waɗanda suka ruɓe a rudu tun damina ba ta yi nisa ba. Rawayar lawashi ta dawo a shekarar da ta biyo, a gonakin da ba su da ƙwayar irin Sahabi ko ɗaya, domin kowa ya zubar da wanda ke hannunsa. Ba wanda ya tara mutane a ƙofar mai unguwa ya ce an yi kuskure. Rahoton Malam Nasiru ya tafi inda rahotanni ke tafiya, shi kuma ya sami ƙarin girma. Nawa rahoton an ce ya zo a makare.

Washegarin ranar kasuwar da safe aka yi ƙonawar, a bayan gidan dattijon. Albasa ba ta cin wuta da daɗi, ruwa ne da ita. Sai da aka haƙa rami, aka shimfiɗa karan dawa, aka zuba kawunan, aka sake rufawa da kara. 'Ya'yansa suna ɗebowa daga rudu da kwanduna, shi yana tsaye yana kallo, ba ya barin a tsallake ko lungu. Hayaƙin fari ne mai nauyi, unguwar duka ta ɗauki ƙanshin gasasshiyar albasa, har mata suna leƙowa ta katanga. Malam Nasiru bai zo ba, ya aiko wani ya shaida.

Da aka zo kwandon ƙarshe, na sunkuya na ɗauki kai ɗaya. Ja ce, a bushe, da nauyi a hannu. Ina da fili a bayan ɗakin gwajina a Jega, kuma kai ɗaya ya isa ya yi fure.

"Baba, wannan kaɗai. Ba wanda zai sani."

"Aje ta, Likita."

"Don Allah, Baba. Guda ɗaya."

"In anka ga lawashinta bayan ɗakinka baɗi, mi za a ce? Sahabi ya ƙone rabi ya ɓoye rabi. Sannan dut wanga hayaƙi ya tashi banza."

Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya ta a tafinsa, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai ta hanci ya shinshina.

"Wagga kam da ta yi iri," ya ce.

Ya jefa ta cikin ramin.